Ranar da Rijiya Ta Ƙetare Hanya

Ni ke riƙe da ordinatar kwamitin hilaye na kwaminmu, wato ƙaramar hukumarmu, can cikin duwatsun da ke tsakanin Buza da Kaita. In ka ji na ce ina riƙe da ita, kada ka ɗauka wani babban muƙami ne. Ordinata, wato kwamfuta, guda ce mai ɗaukuwa, ta tsufa har baƙaƙen madanninta sun goge, da injin buga takarda wanda sai an lallashe shi, da pano ɗaya mai kama wutar rana bisa kwanon biro, wato ofishinmu. Amma cikinta iyakokin gonakin mutane suke kwance, har da waɗanda anka auna shekaru da yawa baya.

Rigimar da zan ba da labarinta tsakanin kawuna ce da wata tsohuwa. Kawun nan wan uwata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya kama hannuna ya kai ni lakwal, makarantar boko, ranar farko. Bai taɓa kirana da sunana ba, "ɗana" yake ce mani ko gaban ɗiyan cikinshi. Ita kuwa tsohuwar, kakanninta sun yi zaman bauta ƙarƙashin makiyayan arewa, ba ta gaji ƙasa ba ko ta kafa bukka. Gonarta fako ne a da, wurin da ko akuya ba ta tsayawa. Lokacin aikin raya ƙasa, ita da mata 'yan'uwanta sunka yi ta jidar duwatsu a ka suna jerawa, suna gina ramukan rabin wata, har ƙasa ta dawo. Anka yanka mata wurin, anka auna, anka rubuta. Da hatsi ya fara yi sosai, sai kawuna, wanda gonarshi ke yamma da tata, ya ce zirin hilin da ke da wata aduwa a tsakiya nashi ne tun kakanshi. Ba maƙaryaci ba ne, wannan zan faɗe shi ko'ina. Abin da anka gaya mashi yana ƙarami ne ya riƙe. Zirin nan kuwa nan ruwa ke kwanciya, shi ke ciyar da tsohuwar da jikokinta.

Maigari ya sa ranar Alhamis bayan la'asar. A garinmu takarda ita kaɗai ba ta ƙare maganar gona. Ana duba ta gaban jama'a, sannan wanda ta ba gaskiya ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Da ya dafa, an binne maganar, ko jikanka ba shi da bakin tada ta. Ka kawo takarda goma daga baya, ba mai saurarenka.

Ranar Talata na ɗauki ordinata na tahi Madawa, don can rezon intanet ke da ƙarhi. An kawo mana sabuwar na'urar awon hili, ita kuwa ba ta jituwa da ordinatar sai an sabunta wani tushe da muke ce ma bibliyotek. Ita ke juya lambobin da na'ura ta kama su zama wuri bisa taswira, kuma purogaram da yawa daga gare ta suke ɗiba. Kamar rijiya ɗaya ce da masu guga da yawa: in anka ƙara mata zurhi, dole kowa ya sake igiyarshi. Na sabunta ta, na tambayi ordinata jerin masu dogara da ita, ta ba ni uku: mai zana taswira, mai riƙe rajista, mai shirya takarda. Na sake gina su ɗaya bayan ɗaya daga rubutunsu na asali, ina kurɓar shayi ina jin ni wani ne.

Ashe akwai na huɗu. Ƙaramin purogaram ne da na rubuta da hannuna shekarun baya, don ya riƙa karanta lambobin tsohuwar na'ura. Tun da ni na dasa shi, ban taɓa shigar da shi jerin ba, ordinata ba ta ma san da zamanshi ba. Ranar Laraba da na zo hidda taswira, sai ya ƙi tashi, ya ce bai ga tsohuwar bibliyotek ba. Mai hankali zama zai yi ya gyara shi. Ina! Bazara ta kai ƙarshe, kwano na tafasa bisa kaina, yunwa na cina. Sai na yi mashi wayo: na ɗauki sunan tsohuwar na liƙa ma sabuwar, don in ya nemi waccan ya faɗa ga wannan. Layi ɗaya na rubuta. Ya tashi lahiya lau, ko tari bai yi ba, har na yi ma kaina kirari.

Taswira ta hito. Iyakar gonar tsohuwa daga tsohon awo take, aduwar kuwa makon da ya wuce na auna ta da sabuwar na'ura. Da na haɗa su, aduwa ta faɗa can cikin gonar kawuna. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Daɗin nan shi ya hana ni sake dubawa. Shugaban kwamiti ya sa hannu ya buga hatimi bai ko karanta ba, don bai taɓa kama ni da kuskure ba.

Alhamis da sassahe kawuna ya iso biro. Na miƙa mashi takarda da hannu biyu, na gwada mashi aduwa da layin iyaka.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗana, ka cire mani ƙaya. Kwana uku ina jin tsoron dafa Littahi bisa abin da ban gani da idona ba. Yanzu hankalina ya kwanta."

Ya ninke ta huɗu ya sa aljihun gaba, ya shi mani albarka, ya koma gari.

Da hantsi sai ga tsohuwar, wani mai amalanke ya rage mata hanya. Ta tuɓe takalmi bakin ƙofa, ta ƙi kujera, ta zauna ƙasa. Munka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ni duk na ƙosa.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce takarda ta hito."

"Ta hito, Inna."

"Gwada mani."

Na sauko da ordinata na aje gabanta. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, na ɗauka kallo ɗaya za ta yi ta tashi. Ta ce ina aduwa, na gwada mata. Ta ce ina jeren duwatsunta, na gwada mata. Ta ƙara matsowa kusa da allon.

"Gabas ina take cikin abin ga?"

Na nuna mata hannun dama.

"Wanga jan zaren hwa?"

"Hanyar mota ce."

"Rijiyar siminti hwa, tana ciki?"

Na sa yatsa bisa ɗigon rijiya. Ta dubi yatsana, ta dubi jan zaren, ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Rijiyar ga yamma da hanya take tun da anka gina ta. Yaushe ta ƙetare?"

Wallahi gaskiya ta faɗa. Ruwan rijiyar nan na sha na girma. Yamma da hanya take, kowa ya sani. Bisa taswirata kuwa ga ta gabas, zaune daram. Rijiya daga tsohon awo take, hanya daga sabo. Ma'ana duk abin da ƙaramin purogaram ɗina ya karanta ya zame gabas da kamar taki arba'in, har da iyakar tsohuwa. Wayon da na yi jiya ne. Purogaram ɗin ya karɓi sabuwar bibliyotek da tsohon suna, yana yi mata magana irin ta da, ita kuma tana ba shi amsa karkatacciya, ba wanda ya ce uffan.

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyarshi. Na ce, "Inna, zane ne kawai, wani lokaci na'ura haka take yi."

Ta ce, "To. Kai ka yi karatu."

Ta dafa ƙasa za ta tashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya hi mani sauƙi. Na ga in na bar ta ta hita ƙofar nan, ba wanda zai taɓa sani. Kawuna zai rantse da zuciya ɗaya, ni in gyara rijiya mako mai zuwa ba mai gani. Na yi wannan tunanin har ƙarshenshi, ban tsallake komi ba.

Na ce, "Inna, zauna. Ba na'ura ba ce, ni ne."

Na kira kawuna a waya. Na ce takardar da na ba shi akwai kuskure, ya roƙi maigari a ɗaga zaman.

Ya ce, "Ta zo ta yi maka kuka ko?"

"Kawu, ba haka ba ne, rijiya..."

"Takarda na aljihuna da hatimin gwamnati. Na riga na gwada ma maigari da liman. Mi kake so in ce masu? Ɗana, ka yi aikinka, ka bar ni in yi nawa."

Ya kashe. Na kira maigari, wayarshi a ruhe, kamar kullum. Ko da ya ɗauka, na san amsarshi: baki ba ya soke hatimi. Sai na je da wata takardar a hannu, kahin la'asar, kuma tsakanin biro da garinmu tahiyar rabin awa ce a moto, wato babur, in hanya ta yi kirki.

Na goge layin wayon nan tukuna. Na buɗe rubutun purogaram ɗin, rubutuna, amma sai na ji kamar wani baƙo ya yi shi, ko bayani guda ban bar ma kaina ba. Na tsine ma ragwancina. Ina bukatar in karanta yadda sabuwar bibliyotek ke son a yi mata magana, rezo kuwa ba ya shiga biro. Na hau dutsen da ke bayanmu da gudu, na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, duwatsu na gasa mani ƙafa ta cikin takalmi. Shafi ya buɗe rabi ya tsaya. Na sake. Da ƙyar na samu abin da nake nema: tsohuwar da kanta take gane lambobin tsohon tsarin awo, sabuwar kuwa sai ka gaya mata da baki, in ba haka ba ta ɗauke su na yau. Na ɗauki hoton shafin na gangaro.

Na gyara, na sa gini, ya faɗi. Na manta wata 'yar alama a ƙarshen layi. Na sake, ya wuce. To amma da na taɓa shi, yadda yake miƙa lambobi ya sake, don haka mai zana taswira, wanda ke karɓa daga hannunshi, dole shi ma a sake gina shi. Shi ne babba. A Madawa, cikin ɗaki mai fanka, sai da ya ci awa ɗaya da wani abu. Na dubi inuwar bakin ƙofa, ta kusa shigewa ƙarƙashin bango. Na ce bisimilla na danna.

Rubutu ya fara gudu bisa allo. Ordinata ta fara huci, huci na ƙaruwa, na taɓa gindinta na janye hannu. An kira azahar, na yi salla nan gehenta, Allah ya gafarta mani, rabin hankalina yana ga hucin nan. Ina sallamewa na ji shiru. Allo ya yi baƙi.

"Inna lillahi!" Na buga tebur har hatimi ya faɗo.

Tsohuwa ta ce, "Ta mutu?"

"Zahi ya kashe ta. In ta yi zahi da yawa kashe kanta take yi."

"To mi ya sa ka bar ta ƙarƙashin kwano? Kai ta wurin randa mana."

Randar biro tana lungu, bisa rairayi da muke jiƙawa don ruwa ya yi sanyi. Shekara nawa ina wurin nan, ban taɓa tunanin haka ba. Na ƙara jiƙa rairayin, na aje duwatsu biyu, na ɗora ordinata bisansu don iska ta bi ta ƙasa. Na jira ta huce, minti goma da sunka yi mani kamar wuni. Na kunna. Allah ya taimake ni, ginin ya ci gaba daga inda ya tsaya, bai koma farko ba. Tsohuwa ta jawo wani kwalin takardu ta zauna kusa, ta fara yi mata hihita.

Na ce, "Inna, kawo in yi."

"Kai dubi abinka. Hannun ga ya saba."

Haka munka zauna. Ita tana kaɗa kwali, in hannu ya gaji ta mayar ɗayan, ni ina kallon rubutu na wucewa ba abin da zan iya ƙara mashi. Wannan shi ne mugun abu ga aikinmu, in ka danna sai jira. Kowane layi mai launin rawaya ya bayyana sai in ɗauka ginin ya lalace. Inuwa ta hito ta gabas ta fara tsawo. Na dubi jijiyoyin hannunta, na tuna abin da na gaya mata ɗazu, na kasa haɗa ido da ita.

Can ta ce, "Mi take yi yanzu?"

"Tana gini."

"In ta ƙare, rijiya za ta koma wurinta?"

"In Allah ya so."

"Aduwa hwa?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Yana yiwuwa a gyara komi aduwa ta tsaya wajen kawuna. Wani ɓangare na zuciyata ma abin da yake roƙo ke nan.

Rubutu ya tsaya, ba kuskure. Na sa purogaram ɗin ya sake karanta tsohon awo duka, na buɗe taswira. Rijiya na fara dubawa: ga ta yamma da hanya. Na duba masallacin Juma'a da kusurwar lakwal, duk sun zauna inda na san su. Sannan na gangara gonaki. Layin iyaka ya bi bayan aduwa ta yamma. Zirin duka na tsohuwa ne.

Na gaya mata. Ta aje kwali, ta ce, "Na sani. Ni na ɗauko duwatsun."

Na buga sabuwar takarda, na ɗauki hatimi. Shugaban kwamiti na gida yana hutun rana, na tada shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Takarda biyu rana ɗaya bisa gona ɗaya? Ka san abin da kake jawo mana?" Na ce na sani, laihin nawa ne, ni zan faɗa gaban jama'a. Ya yi tsaki ya sa hannu, ya buga hatimi.

Na ɗora tsohuwa bayan moto, ta cusa takardar cikin zanenta, ta riƙe rigata da hannu biyu. Hanyar nan duk tsakuwa ce da hawa da gangara, ban taɓa gudu bisanta kamar ranar ba. Muna cikin rairayin ƙorama, tayar baya na tona, na jiyo kiran la'asar daga garinmu. Na sauka na tura da ƙafa, ita tana bisa. Sai da munka hau tudu na lura takalmina ɗaya ya tsaya cikin rairayi, ban koma ba.

Ƙofar maigari cike take. An idar da salla, an shimfiɗa tabarmi. Kawuna na tsakiya, hannun rigarshi a naɗe, ruwan sabuwar alwala na ɗiga daga gemunshi. Liman ya ɗora jakar Alƙur'ani bisa cinya yana kwance igiyarta.

Ban ko yi sallama da kyau ba na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata."

Kowa ya juyo. Na durƙusa gaban maigari da takalmi ɗaya, na karɓi takardar daga hannun tsohuwa na aje. Na ce ta sahe kuskure ce, wannan ce daidai. Maigari ya jera su biyu bisa tabarma.

Ya ce, "Hannu ɗaya, hatimi ɗaya. Wace za mu yarda da ita, kuma don mi?"

Ban yi zancen bibliyotek ba, wa zai saurare ni? Na ce a dubi rijiya. Na gwada masu ita bisa ta sahe, gabas da hanya, na gwada masu bisa ta biyu. Dattawa sunka matso, takardu sunka bi hannu hannu. Wani ya ce, "Kai! Rijiya ta yi ƙaura ba mu sani ba." Wasu sunka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Na ce na sake wani abu cikin ordinata, na yi ragwancin gyara wani da ke dogara da shi, shi ya ture tsohon awo duka. Na ce ba wanda ya sa ni, kuma kawuna bai san komi ba.

Kawuna ya karɓi takardun biyu. Ya daɗe yana kallon ɗigon rijiya. Sannan ya warware hannun rigarshi a hankali, dama, hagu, ya ce ma liman ya ɗaure jakarshi.

Ya ce, "Ba ni rantsewa. Hilin nata ne."

Jama'a sunka ɗauki salati. Maigari ya ce tun da mai nema ya janye da bakinshi gaban shaidu, tsohuwa ba ta bukatar dafa komi. Anka shafa fatiha. Ni ina durƙushe inda nake, ina jiran kawuna ya dube ni. Ya dube ni kuwa.

Ya ce, "Da motonka ya lalace a hanya, da yanzu na dafa Littahin Allah bisa ƙarya. Kai ka ba ni ita da hannunka, ina shi maka albarka."

 Ya ninke takardar sahe bisa ninkinta na da, ya miƙo mani.

"Mushe, ga takardarka."

Mushe muke ce ma malamin lakwal da ma'aikacin gwamnati, baƙon da anka turo daga wani wuri. Na karɓa da hannu biyu.

Damina uku ke nan tsohuwa na noma zirinta. Kawuna bai yanke ni ba. Ya zo sunan ɗiyata, muna salla sahu ɗaya, in na je gaishe shi yana sa a kawo mani hura da hannun matarshi. Uwata ta yi mashi magana har ta gaji. Watan da ya wuce ya kwanta rashin lahiya, na ɗauke shi a moto zuwa asibitin Buza, ya riƙe rigata da hannu biyu tun daga gida, kanshi jingine da bayana. Da munka isa na sauke shi, na gyara mashi hula. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, har na ɗauka yau ce zai sake ce mani "ɗana".

Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Mushe."